Igiyar da Gwaggo Dinatu Ta Tafi da Ita

Gwaggo Dinatu yayar mahaifina ce. An haife ta a Gidan Sodangi, wani ƙaramin ƙauye a ƙasar Birchi ta Kurfi, wanda ya ci sunan kakanmu. Sodangi ne ya fara karɓar baftisma a wannan yanki, shi ne kuma ya yanki gefen gonarsa ya bayar aka gina majami'a. Gidaje ashirin da 'yan kai ne, duk Hausawa Kirista. Maƙwabtanmu Musulmi ne da Fulanin ruga, kasuwa ɗaya muke ci da su, dabbobinmu rafi ɗaya suke sha.

Ba ta yi boko ba. Sai da ta haifi 'ya'ya huɗu sannan ta koyi karatu a ajin manya, ƙarƙashin bishiyar bedi, wato darbejiya, da ke ƙofar majami'a, kuma har yau in za ta karanta sai ta bi layi da ɗan yatsa. Sana'arta daddawa. Kalwa sai ta yini a kan wuta kafin ta yi laushi, saboda haka babu gidan da ya kai nata tarin itace a garin. Ta haifi tara, shida suka rayu. Ta yi shekara goma sha bakwai tana Uwar Zumunta, wato shugabar ƙungiyar matan majami'a, waɗanda ke haɗuwa kowace Alhamis su yi addu'a, su buga tulu su yi waƙa, su raba aikin gaida marasa lafiya.

Ni na bar gida ina da shekara goma sha biyar. Na yi sakandare a Jos, na wuce Ibadan karatun jinya, na kuma yi aiki a can. Bara na dawo, na sami gurbi a wani ƙaramin asibiti a Dutsin-Ma. Gwaggon da na bari, in ta ɗaga waƙa har gonaki ana jin ta. Wadda na tarar kuwa a bencin ƙarshe take zama ranar Lahadi, ta fice kafin a fara gaisawa. Duk wanda na tambaya amsa ɗaya yake ba ni: "Ai maganar igiya ce." Sai da na yi wata biyu ina bin mutane da tambaya kafin labarin ya haɗu.

A garinmu in mace ta haihu, kwana arba'in take wankan jego da ruwan zafi da ganyen bedi, safe da yamma. Tukunyar babba ce, itacen da take ci ya fi ƙarfin gida ɗaya. Tun zamanin uwar Gwaggo matan zumunta suka ɗauke wa maigida wannan nauyi. Akwai wata igiyar rama mai kauri, an ɗaura mata jan ƙyalle a baki ɗaya. Ranar haihuwa Uwar Zumunta za ta ɗauro itace da ita, ta kai, ta hura wuta, sannan ta kwance igiyar ta miƙa wa mace ta gaba. Wadda igiya ta kwana a ɗakinta, ita ke da itacen gobe. Wadda igiya ba ta kai gare ta ba, ba ta kaiwa. Dalili kuwa, an taɓa yin wata shekara mata uku suka kai rana ɗaya, sannan aka yi kwana huɗu ba kowa, aka yi ta gori har maza suka shiga. Daga nan aka tsai da magana, sai da igiya. Uwar Zumunta ke tsara jerin. Ta san mai ciwon baya, ta san waɗanda ba sa shiri da juna don kada ta sa ɗaya ta miƙa wa ɗaya.

Wani hutu da na zo, ina ji da sabon karatu, na faɗa mata an koya mana cewa zafin wankan nan da kunun kanwa suna iya taɓa zuciya. Ta ce, "To Malama, a rage zafin ruwan. Amma kada a rage ƙafa. Mai jego ba tukunya kaɗai take jira ba, tana jiran wadda za ta leƙo ta ga ko idonta ya faɗa."

A ƙarshen daminar 2021 'yan bindiga suka matsa wa yankin. Cikin mako ɗaya aka shiga ƙauyuka biyu yamma da mu, lokacin kuma an rufe layukan waya, ba mai jin labarin kowa sai ta baki. Wata safiya a-kori-kura guda ta shigo garin, direban ya ce minti goma zai tsaya, mai tafiya Dutsin-Ma ya hau. Mijin Gwaggo, Baba Iliya, ɓarin jikinsa ya shanye, ba ya iya zama kan ƙarfe. Ta naɗe katifarsa, ta miƙa hannu bayan ƙofa ta fizgo igiyar farko da ta taɓa, ta ɗaure, aka ɗora shi aka tafi.

Igiyar zumunta ce. Ana gobe za a tafi, da yamma, ta dawo hannunta, don wadda ke bi ta kwanta zazzaɓi, Gwaggo ta ce za ta ɗaukar mata ranar.

Mai jegon da ake kai wa itace a lokacin Kyauta ce, matar Ya'u, kwananta tara da haihuwar ɗiyarta ta uku. Gidansu da wasu gidaje bakwai ne ba su tafi ba. Uwar Ya'u ta ce ba za a ɗora ɗanyen jiki a buɗaɗɗiyar mota ga hadari a sama ba, ga gero kuma ya kusa yanka.

Sai da aka sauke katifa a Dutsin-Ma Gwaggo ta ga jan ƙyallen. Ba waya. Ba direban da zai koma. Ta ba wani mai babur saƙo, saƙon bai isa ba. Ta kwantar da hankalinta da cewa mata bakwai ne a garin, duk manya, in sun ga ba igiya ai za su yi dabara.

Ba su yi ba. Itacen gidan Kyauta ya ƙare a kwana na biyu. Uwar Ya'u ta dage ba za a katse wanka ba, sanyi zai shige ta ta kumbura. Ya'u ya ƙona karan danga, ya ƙona turken akuya, ya fasa wata tsohuwar kujera. Tarin itacen Gwaggo yana nan a tsakar gidanta, taku sittin daga ƙofarsa, marke da ƙirya busassu, amma ba a shiga gidan mutum ba ya nan a ɗebi itacensa, Ya'u kuwa ba irin wannan mutum ba ne. Kwana biyar da tafiyar motar ya saɓi gatari da safe ya nufi daji. Bayan kwana biyu wani Bafulatani mai suna Ummaru, wanda suke cinikin taki da shi, ya same shi a bakin rafi, an harbe shi. Shi da 'yan'uwansa suka ɗauko gawar suka kawo.

Gwaggo ta yi shekara biyu da rabi a Dutsin-Ma, a wani ɗaki da wata Hajiya Rekiya, tsohuwar mai sayen daddawarta, ta ba ta. A nan Baba Iliya ya rasu. Hajiyar ce ta gaya mani cewa igiyar na rataye a ƙusa duk tsawon lokacin. Wata rana tata igiyar shanya ta tsinke, ta ce a ara mata waccan. Ta ce, "Wallahi ɗiyata, yadda ta dube ni, sai na ce na fasa, na shanya a katanga."

Da aka ɗan sami sauƙi mutane suka fara komawa. Cikin mata ashirin da shida na zumunta, goma sha tara suka sake zama a garin. Amma ranar Alhamis biyar ke zuwa, wani lokaci shida. Waɗanda suka zauna suna kiran waɗanda suka tafi 'yan gudu. Waɗanda suka tafi suna cewa ku da kuka zauna me kuka tsare. Abu ɗaya kawai suka haɗu a kai, cewa Dinatu ce ta tafi da igiya. An yi haihuwa biyu bayan dawowa, igiya ba ta fita ba, don ta san ba mai karɓa daga hannunta. Mazan suka koma shiga daji da gatari kamar ba a taɓa rasa kowa a can ba. Kyauta kuwa ta daina zuwa majami'a gaba ɗaya.

Na je wurin Inna Asabe, ɗaya daga cikin bakwai ɗin da suka zauna. Na same ta tana sussukar gero.

Na ce, "Inna, gidanki da na Kyauta danga ɗaya ce tsakani. Ba ki ga hayaki ya daina tashi ba?"

"Na gani."

"Kina da itace a lokacin?"

"Ina da shi. Amma igiya ba ta zo mani ba. Na ɗauka tana hannun maƙwabciyarmu Laraba, ita kuma Laraba ta ɗauka tana hannuna. Ke 'yar boko, kina can kina cin doya, ba ki san tsoron da aka sha a nan ba. Ko ƙofa ba mu buɗewa. Wadda ta tafi da igiya, ita za ki je ki tambaya."

Ban raina tsoronsu ba, ban kuma kasance a wurin ba. Amma na tsaya a tsakar gidan nan na duba, dangar ba ta kai kafaɗata ba. Ba sai an buɗe ƙofa ba, da hannu ɗaya za a iya jefa itace ta sama. Mata bakwai, kowace da tarinta, suka zuba wa gida ɗaya ido kwana biyar, sannan da aka kawo gawa suka sami tsohuwar da ba ta nan suka ɗora mata duka. Ita kuma ta karɓa ba musu, har sauran garin suka ga ai an sami mai ɗauka, kowa ya sauke nasa a kanta. Shekara goma sha bakwai tana tashi kafin kowa, haihuwa sama da ɗari ba a taɓa fashin kwana ɗaya ba, ba wanda ya tuna wannan. Minti goma na rikicewa, da miji kwance ba ya motsi, shi ne sunanta yanzu.

Bayan kaka shugabannin mata na gundumar majami'unmu suka aiko za su zo su ƙarfafa reshenmu. Na ɗauki hutu na zo. Su uku ne a mota, babbarsu wata Madam Alisabatu. Gwaggo ta yanka zakara biyu. Aka jera masu kujeru, Madam ta yi magana ta awa ɗaya a kan shugaba mai hangen nesa, ta raba takardu da Turanci ga matan da huɗu cikinsu ko Hausa ba sa karantawa. Ta dafa kafaɗar Gwaggo ta ce, "Mama, ki daina kallon baya, ki yi murmushi, shugaba ba ya ɓata fuska." Daga ƙarshe ta fito da abin da ya kawo su. Reshen da bai kai mata goma sha biyu masu zuwa ba, za a haɗe shi da na cikin garin Dutsin-Ma. An ba mu wata uku.

Na ce, "Madam, in an haɗe mu, matan Dutsin-Ma za su riƙa kawo wa masu jegonmu itace?"

Ta yi dariya ta ce, "Ƙanwata, ke da kika yi karatu ai bai kamata ki riƙe irin waɗannan abubuwa ba."

Na ce to ko za su taka su gaida Kyauta, ga gidanta can ana hangowa. Ta dubi agogo ta ce hanya ba ta da kyau bayan la'asar. Aka zuba masu sauran naman a kwano, suka tafi. Sun zo ƙarfafa mutum, ba su tambaye ta ko sau ɗaya me ya karya ta ba.

Washegari na sami Gwaggo a bakin murhu tana juya kalwa. Ta ce ta yanke shawara, ranar Alhamis za ta ajiye igiya da shugabanci.

Na ce, "Gwaggo, ba laifinki ba ne ke kaɗai."

"Ban ce ni kaɗai ba. Amma hannuna ne ya ɗauka."

"In kin ajiye wa zai karɓa?"

"Ba kowa. A rufe. Na roƙi Ubangiji shekara uku ya nuna mani in yana da sauran aiki da ni, shiru nake ji. Mai shekara sittin da takwas, in ta ɗaga waƙa mutum biyar suka amsa, biyu cikinsu don tausayi, ai ta ji amsarta." Ta tura itace cikin wuta. "Ki daina zagaya gidaje kina yi wa mutane tambaya kamar 'yar sanda. An fara cewa ni na aike ki."

Labari ya bazu cewa Dinatu za ta sauka. Ranar Alhamis da na shiga majami'a na ƙirga mata goma sha takwas. Waɗanda shekara guda ba su sami ƙafar zuwa addu'a ba, yau sun samu, har da sabon ɗaurin kallabi. Na zauna a baya raina na tafasa.

Aka yi addu'ar buɗewa. Gwaggo ta miƙe, ta kwance wani ƙunshi, ta fito da igiyar ta ɗora a kan tebur. Jan ƙyallen ya koɗe ya koma kamar ruwan ƙasa. Ta ce ta gode wa kowa, ta ce wadda ta ɓata wa rai ta yafe mata, ta ce ƙarfinta ya ƙare. Ba ta gama ba aka ji takun mutum a ƙofa. Kyauta ce, da zanen aiki, hannunta duk dusa, da alama daga bakin turmi ta taso. Ba ta zauna ba.

Ta ce, "Mama, wa za ki ba?"

"Wadda aka zaɓa. In ba kowa, a kai wa gunduma."

"Gunduma ta san ƙofar gidana?"

Kyauta ta matso gaban tebur.

"Kwana tara aka yi mani," in ji Kyauta. "Saura talatin da ɗaya. Ba wadda za ta ajiye komai a garin nan sai an cika mani su."

Inna Asabe ta ce, "Haba Kyauta, yarinyar da aka yaye tun bara waccan, wane jego kuma?"

"Inna Asabe, ke ce ta biyu. Ba ki da nisa, danga kawai za ki zagayo. Da ma leƙe ba ya ba ki wuya."

Wata ta kusa yin dariya ta mayar da ita tari. Inna Asabe ta gyara zama.

Gwaggo ta ce, murya ƙasa ƙasa, "Kyauta, ni na kashe maki miji. Da wane ido zan shigo gidanki?"

"Masu bindiga suka kashe shi. Ke igiya kika ɗauka. Na yi shekara uku ina so in ɗora maki duka, don tsanar mutum ɗaya ta fi tsanar gari sauƙin ɗauka. Kuma ni ma ina da baki a lokacin, da na ɗaga murya ta kan danga da an ji, kunya ta hana ni in ce itace ya ƙare. Ban zo in ce na huce ba. Kowace safiya ina roƙon Ubangiji ya cire mani, wata rana ya cire, wata rana in tashi da abina. Amma jiya na ga mijin Ladi ya wuce da gatari, matarsa wata tara. Na tsaya ina kallon bayansa har ya shige. Kina so ki ajiye ki tafi ki huta, ki bar ni ina ƙirga mazan mutane?"

Gwaggo ta dafa tebur. Ta ce, "Ba wanda zai bi ni."

"Ranar da aka kama Yesu, waɗanda suka ci abinci da shi duk gudu suka yi. Ke kika koya mana wannan, a bencin nan, kina bi da yatsa. Da ya tashi, wasu sababbi ya je nema, waɗanda ba su taɓa kunyata shi ba? Su ɗin dai ya koma wa, matsoratan, ya sake ba su aiki. Kin ce kin roƙe shi kin ji shiru, an gaya mani. To shiru ba sallama ba ce. In bai sallame ki ba, Madam mai mota ba ta isa ba, ke ma Mama ba ki isa ba."

Ta juya ta dubi benci ɗaya bayan ɗaya.

"Ku kuma da kuka sha ɗauri kuka zo kallo, kowace za ta zo ƙofata da itace a ka, ta dube ni, ta hura mani wuta. Wadda ta gudu da wadda ta zauna, duk hanya ɗaya ce. Wadda ba za ta iya ba ta faɗa yanzu in san ta."

 Kyauta ta ɗauki igiyar daga kan tebur, ta sa a hannun Gwaggo, ta naɗe yatsunta a kai kamar yadda ake yi wa yaro in an ba shi abu, ta fita ta koma bakin turminta.

Gwaggo ta dubi igiyar. Na zaci kuka za ta yi. Sai na ji ta ce, "Gobe ni. Jibi Asabe. Gata Laraba, amma ba Asabe za ta miƙa mata ba, ta biyo ta hannuna." Ta ci gaba har ta jera goma sha takwas ɗin, ba takarda, ta tsallake mai ciwon baya zuwa ranar da ɗanta zai dawo ya sara mata. Muryar na ƙaruwa tana tafiya. Da ta gama ta ce, "Kuma daga yau, in rana ta take ba a ga hayaki a gidan mai jego ba, duk wadda ta gani ta ɗauki itace ta tafi, da igiya ko babu. In an taru uku rana ɗaya, a yi gorin, na ɗauka."

Da safe na ce ta bari in ɗaukar mata. Ta ce, "Malama, wuyanki na karatu ne." Ta naɗa gammo, na taya ta ɗorawa, na bi ta a baya. Taku sittin ne, amma sau biyu ta tsaya. Kyauta na zaune a tsakar gida, ba ta tashi ta taya ta saukewa ba. Ta nuna mata murhu da baki. Gwaggo ta durƙusa ta hura wuta, ta ɗora babbar tukunyar da ta shekara uku a kife. Da ruwan ya yi zafi Kyauta ta sirka ta yi wa 'ya'yanta wanka da shi, ta jiƙa wanki da sauran. Sannan ta turo wa Gwaggo kujera. Na bar su a nan. Abin da suka faɗa wa juna, ba wadda ta gaya mani, ni ma wannan karon ban tambaya ba.

Ba duka ne suka bi ba. Mata huɗu suka ƙi karɓar igiya, ɗaya ta ce ita ba za a mayar da ita baiwar kowa ba. Gwaggo ta je ta karɓo ta wuce da ita gaba. Inna Asabe ta kai nata, Kyauta ta bar ta tsaye da kaya a ka har sai da ta yi sallama sau uku. An ce da ta sauke ta zauna a ƙasa ta rufe fuska da gyale, ta daɗe. Har yau ba su cika gaisawa ba. Alhamis ta gaba mata goma sha huɗu suka zo, ta bayanta goma sha ɗaya, sannan goma sha uku. Gwaggo ta sa na rubuta wa gunduma takarda cewa reshen Gidan Sodangi yana nan. Wata ukun sun wuce, ba su amsa ba, ba su kuma zo sun rufe ba. Ina jin takardar na cikin wani aljihun tebur.

A kwana na ashirin da shida matar nan Ladi ta haihu, namiji. Kafin hantsi sai ga Kyauta a ƙofar Gwaggo, igiya a hannu.

Ta ce, "Mama, saura kwana biyar nawa. Ban yafe su ba, a ajiye mani. Ga mai ɗanyen jiki can."

Gwaggo ta ce, "Wa zan sa ta biyu?"

"Ni. Itace ya yi mani yawa, har kaji sun fara ƙwai a ciki."

Gwaggo ta karɓi igiyar ta shimfiɗa a ƙasa, ta fara jera marke a kai. Mijin Ladi ya zo wucewa da gatari a kafaɗa, bai ji labari ba. Ta ɗago ta kira shi da tsohuwar muryar nan da ake ji daga gonaki, ta ce ya mayar da shi ɗaki.

Ranar Lahadi har yanzu a bencin ƙarshe take zama, ta ce ta saba da iskar ƙofa. Makon jiya na shiga ɗakinta ɗaukar tabarma, na duba bayan ƙofa. Ƙusar tana nan, ba komai a kanta.